Sauya Birkin Baya Na Tsohuwar Mota Daga Ganga Zuwa Faifai

A ƙasashen Amurka da Ingila da Jamus, inda ake riƙon tsofaffin motoci kamar yadda ake riƙon dawakin sarauta, akwai wani aiki da masu irin waɗannan motoci suke yawan zuba wa kuɗi, watau cire birkin baya mai ganga irin na zamanin da, a maye gurbinsa da birki mai faifai irin na motocin yanzu. Sana'a ce mai zaman kanta a can. Akwai kamfanoni irin su Wilwood na Jihar Kalifoniya, wanda aka kafa a 1977, da suke harhaɗa kayan aikin cikin kwali guda, tun daga faifan har notunan ɗaure shi, su aika wa mutum har ƙofar gidansa. Mai Ford Mustang ƙirar 1965 yana iya karɓar kwalinsa a tsakiyar mako, ya kwance ƙafafun bayan motarsa ranar Asabar, ranar Lahadi kuma ya fita da ita yana nuna wa abokai faifan yana walƙiya ta tsakanin wili.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa wannan wasa ne na waɗanda suka ƙoshi, babu ruwan ma'aikacin gwamnati ko ɗalibi na ƙasar nan da shi. Amma tsohuwar mota ba baƙuwa ba ce a nan. Peugeot 504, wadda jama'a suka fi sani da Fijo, an fara harhaɗa ta a masana'antar Kakuri ta Kaduna a 1975, aka ci gaba har wajen 2006, watau shekara 20 da 'yan kai bayan an daina ƙera salun ɗinta a Turai a 1983. Ita ce motar ofis a zamaninta, ita ce wadda ma'aikata suka fi ci wa bashin mota, ita ce kuma motar haya tsakanin manyan garuruwa. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana lissafta mota cikin na tarihi idan ta kai shekara 30, saboda haka 504 da ta fito daga Kakuri a 1990 ta riga ta shiga wannan sahu. Duk wanda ya gaji ɗaya daga mahaifinsa ya kuma yi niyyar tayar da ita, ko ba daɗe ko ba jima zai tarar da wanda zai ba shi shawara ya cire gangar baya ya sa faifai.

Shawarar tana da daɗin ji, amma ya kamata a auna ta. Cikin dukan gyare-gyaren da za a iya yi wa birkin tsohuwar mota, wannan ne mafi ƙarancin amfani idan aka kwatanta da kuɗin da yake ci, kuma shi ne mafi saurin mayar da mota mai lafiya ta zama tarko idan aka yi shi rabi da rabi.

Ganga da faifai

Aikin birki, ko wane iri ne, shi ne ya mayar da gudun mota ya zama zafi ta hanyar gogayya. Mota mai nauyin kilo 1,200, watau kusan nauyin 504, idan tana gudun kilomita 100 cikin sa'a aka tsayar da ita cak, zafin da ke fitowa ya isa ya kai lita ɗaya da rabi ta ruwan randa ga tafasa, kuma duk cikin 'yan daƙiƙu. Idan aka ninka gudun sau 2, zafin yakan ninku sau 4. Tambayar da ta raba nau'o'in birkin nan biyu ita ce inda wannan zafi yake zuwa.

Birki mai ganga, wanda makanikai suke kira duram, wani kwano ne na baƙin ƙarfe da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai takalma biyu masu lanƙwasa, an manna musu laini. Idan direba ya taka birki, mai yakan tura fistin biyu na wata 'yar silinda, su buɗa takalman waje su dafe cikin gangar. Idan ya saki, sifirin masu ƙarfi su jawo su baya. Ana danganta wannan tsari da Louis Renault na Faransa, a 1902. Yana da wata baiwa da ba kowa ya san da ita ba: juyawar gangar da kanta takan fizgi takalmin gaba ta ƙara cusa shi jikinta, ta haka birkin yana taimakon kansa, ƙafar direba ba ta wahala. Aibinsa kuwa shi ne rufaffen ɗaki ne. Zafi ba ya samun mafita da sauri, kuma idan gangar ta yi zafi sai ta buɗe ta yi nesa da takalman, direba ya ji birki yana nutsewa ƙasa mota kuwa ba ta rage gudu ba. Haka nan idan aka ratsa ruwa, ruwan yakan zauna a ciki na ɗan lokaci.

Birki mai faifai kuwa a fili yake. Faifan ƙarfe ne da ke juyawa tare da taya, a gefensa an ɗora wani abu mai kama da awartaki, wanda ake kira kalifa, yana matse shi ta fuska biyu da 'yan ƙananan laini da ake kira fad. Iska tana bugun faifan koyaushe, ruwa yana fallatsewa da kansa, kuma idan ya yi zafi ya kumbura, kusantar fad yake yi maimakon ya guje su. Ba ya bukatar a riƙa daidaita shi da hannu. Sai dai ba ya taimakon kansa ko kaɗan. Duk ƙarfin da zai matsa da shi, daga ƙafar direba da na'urar taimako ta sabo zai fito.

Frederick Lanchester na Birmingham ya yi rajistar wani nau'in birkin faifai a 1902, shekara guda da na Renault, amma sai bayan rabin ƙarni ya samu karɓuwa, sa'ad da Jaguar ta ci tseren sa'a 24 na Le Mans a 1953 da faifan kamfanin Dunlop. Citroën DS ta fito da shi a ƙafafun gaba a 1955, Triumph TR3 ta biyo baya a 1956. Daga nan Renault 8 ta sa shi a ƙafa huɗu a 1962, Chevrolet Corvette kuma a 1965. Abin lura a wannan tarihi shi ne yawancin kamfanoni a gaba kaɗai suka sa faifai, suka bar ganga a baya shekara da shekaru. Mustang kanta ba ta samu faifai a baya ba sai a ƙirar SVO ta 1984, kuma bai game dukan nau'o'inta ba sai 1994.

Gaba ke ɗaukar kaya

Akan ce rowa ce ta sa kamfanoni suka bar ganga a baya, kuma lalle ganga ta fi arha. Amma akwai dalili na injiniya wanda ya fi wannan nauyi. Duk wanda ya taɓa zama cikin mota aka taka birki da ƙarfi ya san yadda hancinta yake dunƙulawa ƙasa, bayanta ya ɗaga. Nauyin motar ne yake komawa kan ƙafafun gaba. A motar da injinta yake gaba, birkin gaba yakan yi kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na aikin tsayarwa, wani lokaci ma fiye. Ƙafafun baya, da yake nauyi ya bar kansu, ba su da riƙon ƙasa mai yawa, don haka ba su iya amfani da birki mai ƙarfi ko da an ba su.

A nan ne masu tallar kwalin suke tsallake wata gaskiya. Birki ba ya tsayar da mota. Taya ce take tsayar da ita. Idan gangar da ke kan mota tana da ƙarfin da za ta ƙame tayar baya har ta ja ƙasa, to ta riga ta kai iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka, kuma faifai mafi tsada a duniya ba zai rage ko taku ɗaya daga nisan tsayawa ba a taka birki guda. Fifikon faifai yana bayyana ne idan an maimaita, watau taka na biyar da na goma a jere, kamar a filin tsere, ko a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo da hanyar saukowa daga Mambila, mota cike da fasinja da kaya. Ko a can ma birkin gaba ne yake fara gajiya.

Shi ya sa ganga ba ta mutu ba. Toyota Hilux ƙirar 2015 da ganga ta fito a baya. Volkswagen kuma, sa'ad da ta fitar da motocinta masu lantarki ID.3 da ID.4 a 2020, ganga ta sa musu a baya, domin injin lantarkin yana rage gudu da kansa, birkin baya ba ya samun aiki, faifan da ba ya aiki kuwa tsatsa yake yi, alhali ganga a rufe take.

Haɗarin da ya fi girma shi ne birkin baya ya fi ƙarfin rabonsa. Idan tayoyin gaba suka ƙame, mota takan zarce kai tsaye, direba ya sassauta ƙafa ya sake samun sitiyari. Idan na baya suka riga ƙamewa, wutsiyar motar takan zagayo gaba, ta juya kamar katantanwa, kuma direba na yau da kullum ba shi da dabarar da zai kama ta, balle a kan jiƙaƙƙen titi ko kan tsakuwa. Saboda haka kowane kamfanin mota yake tsara birkinsa yadda gaba zai riga baya ƙamewa. Tsofaffin motocin da ake magana a kansu ba su da na'urar hana ƙamewar taya ta ABS da za ta rufa wa kuskure asiri. Wanda ya cire ganga ya ɗora kalifar wata babbar mota ya taɓa wannan ma'auni, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ke cikin aikin

Wanda ya auna duk wannan ya ga har yanzu yana so, to ya san cewa ɗaura faifai da kalifa shi ne ɓangare mafi sauƙi. Wahalar tana wuraren da ido ba ya gani.

Na farko ita ce masta, watau babbar silindar da ke bayan matakin birki, wadda take tura mai zuwa ƙafafu. Fistin ɗin kalifa ya fi na 'yar silindar ganga faɗi nesa ba kusa ba, don haka ya fi shan mai, kuma yayin da fad suke cinyewa fistin yana ƙara fitowa, man da ke cikin tanki yana ƙara sauka. Mastar da aka ƙera domin ganga tana iya kasa cika kalifa, birki ya yi nisa, tankinta kuma ya yi ƙaranci. Sai mutum ya ce bari ya sa babba, ya faɗa wata matsalar. Lissafin a bayyane yake: masta mai faɗin inci 1, idan aka tura ta da ƙarfin laba 100, takan ba da matsi na wajen laba 127 a kan kowane murabba'in inci; idan aka ƙara faɗinta da kashi ɗaya cikin 8 na inci kawai, matsin yakan sauko zuwa wajen 101. An yi asarar kashi ɗaya cikin 5 ke nan. Direba zai ji birki ya yi tauri kamar dutse ya ɗauka ƙarfi ne, alhali motar ta fi da wuyar tsayawa.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin bawul da akan ɓoye a bakin mastar motoci masu ganga. Aikinsa shi ne ya riƙe matsi kaɗan, wajen laba 10, cikin bututu ko bayan an saki birki, domin robobin 'yar silinda su zauna a manne kada iska ta shiga. Sifirin ɗin ganga sun fi ƙarfin wannan matsi, don haka ba ya cutarwa. Kalifa kuwa ba ta da irin wannan sifirin. Robar da ke zagaye da fistin ce kaɗai take ɗan janye shi baya. Idan aka manta da bawul ɗin a wurinsa, fad za su riƙa gogar faifai dare da rana, ƙafar ta yi zafi, mota ta ƙara shan fetur, a ƙarshe man birki ya tafasa. Da yawa daga cikin ƙorafin da ake yi cewa sabon birki yana kamawa, wannan ɗan bawul ne sanadinsa. Sai a motar da mastarta take ƙarƙashin daɓe, ƙasa da kalifa, ake sa wani mai laba 2 don kada mai ya gangaro baya.

Na uku shi ne bawul mai raba matsi tsakanin gaba da baya. Wanda ya zo da mota an auna shi ne bisa halin ganga, ba zai dace da faifai ba sai da sa'a. Masu yin aikin da kyau sukan sa wani mai maɓallin murɗawa a kan bututun baya, su yi ta gwaji suna daidaitawa. Ya kamata a fahimci cewa irin wannan bawul ragewa kaɗai yake iya yi. Idan kalifar da aka zaɓa ta yi ƙanƙanta, babu murɗin da zai ƙara mata ƙarfi. Idan kuma ta yi girma ainun, za a rufe bawul ɗin har ƙarshe ba a kai ga daidai ba. Girman fistin da faɗin faifai su ne ake fara lissafawa tun kafin a sayi komai.

Sai birkin hannu, wanda shi ne ya fi ba masu wannan aiki kunya. Ganga gwana ce wajen riƙe mota a tsaye, saboda taimakon kai da aka ambata. Waya ɗaya da ɗan ƙarfe sun wadatar. Faifai ba haka yake ba. Hanya biyu ake bi. Ko dai a sa kalifa mai wani hannu da ke murɗa dunƙulen zare a bayan fistin, wadda takan cije idan ƙura da ruwa suka shige ta ko aka daɗe ba a ja ta ba, ko kuwa a sa faifan da aka yi wa 'yar ƙaramar ganga a tsakiyarsa, mai nata takalman, domin birkin hannu kaɗai. Wannan ta biyu ita ce hanyar da Corvette ta bi tun 1965, haka nan Mercedes-Benz da Volvo a motocinsu da yawa. Abin dariya a nan shi ne mutum ya kashe kuɗi don ya rabu da ganga, sai ga shi ya sayo wata ƙarama ya ɓoye a cikin faifai. Akwai kwalaye masu arha da ba su da birkin hannu sam, domin an yi su ne don motocin tsere. Wanda ya sa irin wannan a motar da ke hawa titi ya rasa abin da zai dogara da shi ranar da bututu ya fashe, kuma dutse a bayan taya ba ya maye gurbinsa.

A bakin aksul ma akwai abin lura. A motoci da yawa masu aksul guda a baya, har da Mustang, farantin da ke ɗauke da takalman ganga yana zaune ne tsakanin bakin aksul da murfin da ke riƙe boris, watau kaurinsa yana cikin lissafin matsewar boris. Idan aka cire shi ba a cike gurbinsa da wani ƙarfe mai kauri daidai ba, sandar aksul za ta riƙa wasa ciki da waje, ta riƙa ture fistin baya, direba ya taka birki ya ji wayam sai ya sake takawa. Faifan kuma dole ya zauna daram. Karkatar da ta wuce kaurin takardar rubutu guda, wajen kashi ɗaya cikin 10 na milimita, ta isa ta sa mataki ya riƙa rawa. Ƙarfen da zai riƙe kalifa yana ɗaukar dukan ƙarfin tsayarwa na wannan ƙafa, saboda haka ba abin da za a yanko daga tsohon ƙarfen gado a yi masa walda a bakin hanya ba ne. Yana bukatar ƙarfe mai kauri, ramuka da aka huda bisa awo, da notuna masu lambar ƙarfi 10.9 a kansu.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma kowanne ya isa ya ɓata aikin. Kalifa tana motsi, don haka sai an haɗa ta da tiyon birki mai lanƙwasa maimakon bututun ƙarfe. Bakin fitar da iska dole ya kasance a sama. Idan aka musanya ta hagu da ta dama ya koma ƙasa, za a wuni ana famfo iska ba ta fita ba. Wilin inci 14 na tsofaffin motoci sau da yawa ba ya rufe sabuwar kalifa, sai an sayi na inci 15 da sababbin tayoyi, har da safaya, kuɗin da ba ya cikin lissafin farko.

Darasin 504

Peugeot 504 ta dace da wannan bayani fiye da kowace mota, domin kamfanin da kansa ya yi ta iri biyu. Salun ɗin da ta fito a 1968, wadda aka zaɓa gwarzuwar motar Turai ta 1969, faifai gare ta a ƙafa huɗu, kuma kowace ƙafar baya tana da nata hannun da take lilo a kai. Amma doguwar mai ɗaukar iyali da kaya, da a-kori-kura, da kuma salun mai sauƙin kuɗi ta 504 L da aka fitar a 1973, duk aksul guda aka yi musu a baya tare da ganga. Injiniyoyin da suka san faifai sarai, suka kuma ci tseren Safari na Gabashin Afirka da 504 a 1975 da 1978, su ne suka zaɓi ganga ga motocin da za su ɗauki kaya su bi mugun titi.

Daga nan abu biyu suke fitowa. Na ɗaya, mai 504 ya fara leƙa ƙarƙashin motarsa ya ga wace iri ce gare shi, don wataƙila faifan da yake nema yana nan tun asali, tsatsa ce kawai ta cinye kalifar. Na biyu, kayan birkin salun mai faifai ba sa hawa aksul guda kai tsaye, ko da an samo su a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, domin mazauninsu daban ne ƙwarai. Wanda ya ce zai haɗa su, ƙira sabuwa zai yi, da dukan lissafin da aka zayyana a sama. Ga kuma ramukan wilin 504, guda 4 a kan da'ira mai faɗin milimita 140, awon da ba kasafai ake samunsa a wasu motoci ba, don haka faifan wata mota ba zai shiga ba sai an sake huda shi.

Har wa yau 504 tana da wani bawul a ƙarƙashinta ta baya, wanda aka haɗa da ƙafafun da ɗan sanda da sifirin. Idan an yi wa motar lodi ta zauna, sai ya buɗe wa birkin baya ƙarin matsi. Idan babu kaya, ya rage. A tsofaffin motoci akan tarar da shi ya cije, ko an cire shi an haɗa bututu kai tsaye saboda yana yoyo. Motar da aka yi wa haka ta riga ta rasa ma'auninta tun kafin a yi zancen faifai, kuma gyara wannan bawul ya fi sauya ganga amfani nesa.

Haƙiƙa yawancin abin da ake kira raunin ganga rashin kulawa ne. Gangar da aka sassaƙe cikinta har ta wuce iyakar faɗin da aka rubuta a jikinta, takalman da man aksul ya jiƙa, sifirin da suka saki, tiyon da ya shekara 30 yana kumbura duk sa'ad da aka taka, waɗannan ne suke sa mota ta ƙi tsayawa. Man birki kansa yana shan danshi daga iska. Nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salsiyas, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 140. DOT 4 kuwa daga 230 zuwa 155. Shi ya sa ake so a sauya shi duk bayan shekara 2, abin da ba kowane mai mota yake yi ba sai ranar da ya ga tanki ya bushe. Taya ma tana da shekaru: lambobi 4 na ƙarshe a jerin da ke gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma tayar da ta tsufa ta ƙandare ba ta riƙon titi ko da zanenta bai goge ba. Wanda zai buɗe tsohuwar ganga kuma ya kiyayi hure ƙurarta da iska ko da baki, domin lainin zamanin da yana ɗauke da asbestos, wanda ke lalata huhu bayan shekaru. Jiƙa ta ake yi a goge.

Idan kuwa motar ta girmi 504, to akwai aikin da ya riga wannan muhimmanci. Mustang ta 1965 ganga gare ta a ƙafa huɗu in ba mai saye ya biya kuɗin faifan gaba ba, kuma mastarta mai ɗaki ɗaya ce: bututu guda ya fashe, birki duka ya tafi. Dokar Amurka ta wajabta masta mai ɗaki biyu daga motocin 1968, yadda idan gaba ya zube baya zai riƙe. A irin wannan mota, da tsofaffin Volkswagen Beetle na wancan zamani, masta mai ɗaki biyu da faifan gaba su ne suke ceton rai, baya kuma ya jira.

A Jamus ba a barin mutum ya taɓa birki ya hau titi sai da takardar amincewa ta kayan da ya sa ko kuma binciken masu duba motoci irin su TÜV, kuma lambar mota mai harafin H da ake ba motocin da suka shekara 30, tun 1997, tana bukatar mota ta kasance kusa da yadda aka ƙera ta. A nan ƙasar, jami'an VIO da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ba za su iya gane girman fistin daga bakin titi ba, saboda haka nauyin gwaji yana kan mai mota da makanikinsa. Ana yin gwajin ne a fili mai tsakuwa inda babu mutane ko dabbobi, a fara da gudun kilomita 30, wani ya tsaya a gefe daga nesa yana duban wace taya ce take riga ƙamewa. A gwada mota babu kowa sai direba da ɗan fetur kaɗan, domin a lokacin ne baya ya fi sauƙi, sa'an nan a gwada ta da kaya. Muddin ta baya ce take riga, a rage mata matsi a sake. Bayan an gama a ɗaga motar a juya kowace taya da hannu a tabbata tana sakewa, a kuma ja birkin hannu a kan gangara a ga ko zai riƙe.

Gangunan da aka cire, da farantansu da sifirin da wayoyin birkin hannu, a wanke su a shafa wa ƙarafan mai a adana cikin kwali, kada a sayar wa 'yan gwangwan. Masu sayen tsofaffin motoci a Turai da Amurka sukan fi ba da kuɗi a kan motar da take yadda ta fito daga masana'anta, ko wadda za a iya mayar da ita haka, kuma kayan 504 na asali ba ƙaruwa suke yi a kasuwa ba.